Gwangwanin da Ba a Ɗora a Sikeli Ba

  Na gida, da na shago, da direban da ya kunna mu a kan hanya, duk ina gaishe ku.

Yau maganar tamu a kan tarkace ce. E, tarkace. Irin 'yan ƙananan abubuwan nan da mamaci ke bari, waɗanda ko dillaliya ba za ta taya ba. Zan fara da kaina, don kada a ce na zo da labarin ƙanzon kurege.

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyata. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan naku. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado. Aka kira malami. Aka fito da 'yan kayanta. Sarƙar gwal ɗaya da awarwaro biyu aka kai kasuwa. Aka ɗora a sikeli, aka faɗi giram, aka faɗi kuɗi. Malam ya buga lissafi, kowa ya karɓi rabonsa. Ba a ji kanmu ba, alhamdu lillahi.

Can a ƙasan adakarta sai ga wani gwangwanin madara, murfinsa ya yi tsatsa. Yayata ta girgiza shi, ya yi ƙara. Aka buɗe, aka zazzage a kan tabarma. Warin ɗan kunne na azurfa, ɗaya tilo, babu ɗan'uwansa. Ƙwayar murjani uku. Anini mai huji. Sai wani ɗan mabuɗi wanda babu wanda ya san kwaɗon da yake buɗewa.

Malam ya ce, "To, wannan fa?" Aka yi dariya. Ƙanena ya ce a ba yara su yi wasa. Na ce, "In kun yafe mini, ina so." Suka ce, "Mun yafe." Ku riƙe wannan kalmar, jama'a, zan dawo kanta.

Kuɗin gadon, wallahi ba zan iya ce muku ga inda suka shiga ba. Wasu sun tafi a buhun masara, wasu a kuɗin makaranta. Kafin wata uku babu ko ƙyallinsu. Gwangwanin kuwa shekara uku yana cikin durowata, na kasa buɗe shi. Da na taɓa murfin sai ƙirjina ya yi nauyi, in mayar.

Abin da nake so mu tattauna ke nan. Sikeli ƙarfe yake aunawa. Ba ya auna wuyan da ya ɗauki ƙarfen.

To, kafin wani ya ce na kwaso mana baƙon abu, bari mu fara zuwa Madina.

A shekara ta biyu bayan hijira aka yi yaƙin Badar. Cikin waɗanda aka kama akwai Abul Asi ɗan Rabi'u, mijin Nana Zainab, 'yar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. A lokacin bai musulunta ba, ita kuma tana Makka. Da mutanen Makka suka fara aiko da fansar 'yan'uwansu, ita ma ta aiko da tata. A cikin abin da ta aiko har da wani abin wuya. Na mahaifiyarta ne, Nana Khadija. Ita ta ba ta shi lokacin da za a kai ta ɗakin miji. Nana Khadija kuwa ta yi wajen shekara biyar da rasuwa.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa da Manzon Allah ya ga abin wuyan nan, tausayi mai tsanani ya kama shi. Ya nemi sahabbai, in sun ga dama, su sakar mata fursunanta, su mayar mata da kayanta. Suka amince. Ku lura da kyau. Bai ƙwace ba, roƙa ya yi, domin haƙƙinsu ne. Ku kuma lura, ba a ce ya tambayi nawa abin wuyan zai yi a kasuwa ba. Ganinsa kawai ya isa. Wanda ya fi kowa sanin cewa duniya ba matabbata ba ce, ya ga abin wuyan matarsa, zuciyarsa ta motsa. To, ni da ku su wane ne da za mu ji kunyar gwangwanin madara?

Yanzu mu tsallaka teku, mu leƙa Ingila, mu ga yadda wasu suka yi da nasu baƙin cikin.

A ƙarshen shekarar 1861 mijin Sarauniya Biktoriya, Yarima Albat, ya mutu. Daga ranar ta shiga baƙaƙen kaya, ba ta fita ba sai da ta mutu a 1901. Shekara arba'in, saura kaɗan. Da yake abin da babba ya yi shi na ƙasa ke kwaikwayo, sai kayan adon makoki suka zama yayi. Akwai wani gari a bakin teku da ake kira Witbi. A can ake haƙo wani baƙin dutse marar nauyi, wanda asalinsa itace ne da ya daskare a ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da. A sassaƙa shi, a goge, ya yi sheƙi. Da shi ake yin sarƙa da 'yan kunne da abin maƙalawa a ƙirji. Mutanen garin suka ci abinci da mutuwar wasu, shekara da shekaru. Wasu matan har gashin mamacin suke yanka, a kitsa shi siriri, a rufe a cikin abin wuya.

Ita sarauniyar ma, tun mijinta na da rai, ba lu'ulu'u kaɗai take sawa ba. An yi mata kayan ado da haƙoran 'ya'yanta na yarinta da suka faɗi. An yi mata da tsakuwar da aka tsinto a gidansu na hutu a Sikotilan. Matar da ke da ma'ajiyar duwatsu masu daraja, ga ta da tsakuwa a ƙirji.

Ba ina cewa mu yi koyi da ita ba ne. A wurinmu makokin shekara arba'in ya wuce gona da iri. Addini ya yanka mana kwana uku. Matar mamaci kaɗai aka ba wata huɗu da kwana goma. Gashin mamaci kuwa tare da shi muke binnewa. Amma akwai abin da na lura da shi. Su suna nuna baƙin cikinsu da abin da suka sa. Mu muna nuna namu da abin da muka cire. Mai takaba tana tuɓe zobe da awarwaro da ɗan kunne. Ba kwalli, ba lalle, ba turare. Ran da ta fita takaba, ta yi wanka, ta mayar da ɗan kunnenta, duk wanda ya gan ta ya san ta dawo cikin mutane. Ashe mu ma tun fil azal kayan ado suna magana a kan mutuwa a gidajenmu. Da shiru kawai suke yin tasu maganar.

Mu dawo gida yanzu, mu shiga maƙera. A nan zan ɗan daɗe.

Kun san maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari da lauje. Akwai maƙeran fari, masu azurfa da tagulla. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke saurare sun san maƙeran Abzinawa, waɗanda a yarensu ake kira inadan. Su ne masu ƙera abin wuyan nan na azurfa da ya yi suna a duniya da sunan Agadas. Ba Agadas kaɗai ba. Akwai na Ingal, akwai na Tawa, akwai na Damagaram, kowanne da siffarsa. Gari ne sukutum mutum zai rataya a wuya, ya tafi da shi duk inda ƙafa ta kai shi.

Ga yadda ake yin sa. Maƙeri zai fara siffanta shi da kakin zuma. Sai ya lulluɓe kakin da laka, ya bar 'yar kafa. Ya gasa a wuta, kakin ya narke ya tsiyaye. Sai ya rage rami a cikin lakar, daidai siffar abin da ya tafi. A cikin wannan ramin ake zuba narkakkiyar azurfa. In ta huce, sai a fasa lakar. Dole a fasa, babu wata hanya. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak.

Ranar da na fara ganin wannan aikin, maraici na tuna. Wanda ya tafi ya tsiyaye kamar kaki. Ya bar maka rami a ƙirji daidai siffarsa. Babu wanda zai shiga ramin ya zauna daidai. Abin da ya rage shi ne me za ka zuba a ciki.

Azurfar fa, daga ina? Da yawanta a da daga liyari ne. Tsofaffi sun san liyari. Babban kuɗin azurfa ne mai hoton wata mace, wanda fatake suka riƙa shigo da shi ta hamada. Matar nan sarauniyar Ostiriya ce, Mariya Taresa. Kusan duk liyarin da za ka ɗauka, in ka duba, 1780 za ka gani a jikinsa. Shekarar da ta mutu ke nan. Aka ci gaba da buga shi da wannan shekarar, ba a sauya ba, domin da haka 'yan kasuwa suka yarda da shi. Kakanninmu mata sun rataya shi a wuya. Maƙera sun narka shi sun yi munduwa da zobe. Ƙila zoben azurfar da kakarka ta bari ya taɓa zama kuɗi a hannun wani bafatake a Garabulus. Ya taɓa zama sadakin wata. Ƙarfen ɗaya ne, hannuwa ne ke sauyawa.

A Bida kuma, ƙasar Nupe, akwai unguwar Masaga. Su kwalba suke narkawa. Kwalbar da aka sha aka yar, su tattaro, su zuba a wuta, su naɗo ta a tsinken ƙarfe, ta fito tsakiya ko awarwaro. A Gana mutanen Kurobo daka kwalbar suke yi ta zama gari, su zuba a mazubi su gasa. Abin da yau ake koyarwa a manyan makarantun zane na Turai, wai haɗa kayan ado da abin tsintuwa, iyayenmu sun daɗe suna cin tuwo da shi.

Bari in ba ku misali ɗaya mai nauyi, sannan mu wuce. A ƙasar Lawos, can gabashin Asiya, jiragen Amurka sun yi shekara tara suna ruwan bama-bamai, daga 1964 zuwa 1973. Har yau akwai waɗanda ba su fashe ba a gonaki, suna kashe manoma da yara. A wani ƙauye mai suna Ban Nafiya, mutane suka riƙa tsinto ɓaraguzan alminiyon na yaƙin, suna narkawa suna yin cokula. Kamar dai yadda namu ke narka gwangwani su zuba tukunya. Daga baya suka ƙara da awarwaro. Ƙarfen da aka jefo don ya kashe su, da shi suke shan miya. Ban ce wannan ya share musu hawaye ba. Amma hannu ya sami abin yi. Mai baƙin ciki kuwa, in hannunsa ya sami abin yi, numfashinsa yakan ɗan daidaita.

To, mu koma kan gwangwanina.

Bayan shekara biyu Allah ya ba ni 'ya mace. Na sa mata sunan mahaifiyata. Kun san al'ada, ba mai iya kiran sunan gatsau, sai muke ce mata Ummi. Ranar da ta fara tafiya, na ɗauki gwangwanin na nufi wurin wani tsohon maƙerin fari a cikin gari. Rumfarsa ba ta fi ɗaki ɗaya ba. Ga gawayi, ga zugazugi, ga 'yar uwar maƙera da ta sha duka. Na zazzage masa a tafin hannu. Na ce, "Baba, so nake a narka wannan ɗan kunnen a yi wa yarinya zobe."

Bai amsa ba. Ya gyara tabarau. Ya juya ɗan kunnen, ya sake juyawa. Ya ce, "Na wa ne?" Na ce na mahaifiyata ne, ta rasu. Ya ce, "Allah ya jiƙanta. Matso ka ga wani abu, ɗana."

Ya nuna mini maƙalin, wurin da ke shiga hujin kunne. Ya sirance, ya kusa zama zare. Ya ce, "Ka ga nan? Ba maƙeri ne ya yi wannan ba. Kunne ne ya cinye shi. Sai an yi shekaru ana sa abu kullum kafin ya yi haka. In na jefa shi a wuta, azurfarka za ta dawo maka, ko ƙwayar gero ba za ta ragu ba. Amma wannan cin ya tafi ke nan. Ni ban iya ƙera shi ba."

Jama'a, sai na kasa magana. Ni da na zo da ilimin boko da takarda a aljihu, ga tsoho da tabarau ɗaure da zare ya karanta mini mahaifiyata a jikin ƙarfe.

Bai narka ba. Ya yi masa 'yar ƙawanya ta azurfa a sama. Ya goge murjanin da tsumma. Ya ce in ja zaren da kaina, shi ba zai ja ba. Na zauna a kan benci, hannuna na rawa. Murjani ɗaya, sai anini, sai ɗan kunnen a tsakiya, sai mabuɗi, sai sauran murjanin. Sau uku zaren na zame mini. A nan, a rumfar maƙeri, cikin hayaƙin gawayi, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Tsohon ya juya baya ya ci gaba da zuga wutarsa, kamar bai gani ba. Allah ya saka masa da alheri.

Sikeli ƙarfe yake aunawa, na ce muku. Wannan cin da kunne ya yi, a sikeli ragi ne.

Yanzu bari in tsaya in saurari masu ja da ni, domin na san suna nan, kuma suna da hujja.

Wani zai ce, malam, wannan ai hanyar camfi ce. Yau an rataya don tunawa, gobe a ce yana tsare yarinya daga baki. Gaskiya ne, akwai wannan haɗarin, kuma ba ƙarami ba ne. Ɗan kunne ba laya ba ne. Ba ya kawo alheri, ba ya tunkuɗe sharri. Ba ya kai wa mamaci komai a kabari. Abin da ke isa gare shi addu'a ce da sadaka. Duk ranar da ka ji zuciyarka ta fara jingina da ƙarfen, cire shi ka ajiye. Ni dai abin da na sani, duk lokacin da idona ya faɗa kan abin wuyan nan, bakina yakan ce Allah ya jiƙan Inna, ban ma shirya ba. In abu yana tuna maka da addu'a, ban ga laifinsa ba.

Wani kuma zai ce, ai kayan gado ne. Wannan ya fi na farko ƙarfi, shi ya sa na ce ku riƙe kalmar nan, mun yafe. Ko allura mamaci ya bari, ta magada ce. Kada ƙauna ta sa ki sunkuce zoben mahaifiyarki ki ce ke kika fi kusa da ita. An sha ganin zumunci ya tsinke a kan ɗan kunne. A fito da shi fili. A yi masa kuɗi in yana da kuɗi, ki biya, ko a cire a rabonki. In akwai marayu ƙanana a cikin magada, a yi hattara ninki biyu, domin yaro ba ya yafe abin da bai san darajarsa ba.

Akwai kuma wanda talauci zai sa ya sayar. Wannan ba ni da bakin zarginsa. Iyayenmu mata da ma don ranar wuya suke tara gwal. In sarƙar uwa ta biya kuɗin asibitin jika, ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Shi ya sa ma nake maganar tarkace. Gwal yana da masu nema, ba ya daɗewa a hannu. Tarkace ne ke zama, don ba mai so. Sai dai mai jari-bola, shi ma a kan kilo zai saya.

Saura magana ɗaya, ita ce ƙarshen labarin.

Da sallah na kai Ummi gaida ƙanwar mahaifiyata, da abin wuyan a wuyanta. Tsohuwa ce, ido ya yi rauni. Ta ɗora yarinyar a cinya, hannunta ya taɓa shi. Ta shafa, ta shafa. Sai ta ce, "Kai, ina ka samo wannan?"

Ta fara da mabuɗin. Ta ce na akwatin da aka kai yayarta ɗakin miji da shi ne. Akwatin gara ta cinye shi tun tuni. Aninin kuwa kakarmu ce ta ɗaura mata a bakin zane ranar da za ta bar gida, alhali an daina cin anini a kasuwa. Ta ce wai don kada ta taɓa cewa ba ta da ko anini.

Na ce, "Inna, ɗaya warin ɗan kunnen fa?"

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Au, ba ta taɓa gaya maka ba? Ai kai ne. Kana goye a bayanta, tana jan ruwa, ka miƙa hannu ka fizge shi. Ya faɗa rijiya. Har kunnen ka tsaga mata. Aka yi yasa ba a gan shi ba. Muka ce ta ba maƙeri ɗayan ya narka. Ta ce a'a, ajiye shi za ta yi, sai ka girma ka biya ta."

Na san tabon nan a kunnenta na hagu. Tun ina yaro nake ganinsa. Ban taɓa tambaya ba. Shekara arba'in da wani abu muna tare, na saya mata atamfa, na saya mata magani, ban taɓa saya mata ɗan kunne ba. Ita kuma ba ta taɓa tuna mini bashin ba.

Da tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya kafin wannan sallar, da har yau abin da ke wuyan 'yata ƙarfe ne da zare. Bara ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Don haka, masu sauraro, ga roƙona gare ku. Wanda ke da tsohuwa a gida, ko tsoho, in an idar da sallar isha'i yau, ya je ya zauna kusa da ita. Ki ce, Inna, buɗe mini adakar nan. Ka ce, Baba, wannan carbin na wane ne? A zazzage gwangwanin a kan tabarma, a ɗauki abin ciki ɗaya bayan ɗaya, a tambaya. A kira yara su zauna su ji. Wanda kuma nasa suka riga suka tafi, kamar ni, Allah ya jiƙansu, ya haskaka kabarinsu, ya ba mu haƙurin rashinsu.